Tsakanin Ruwa Da Dutse

Tun muna firamare aka karantar da mu cewa duk abin da ke cikin duniyar nan ba ya wuce ɗayan hali uku: ko ya zama sandararre kamar dutse, ko mai kwarara kamar ruwa, ko kuwa mai tashi kamar iska. Wannan rabo yana da daɗin haddacewa, yana kuma fid da yaro kunya ranar jarrabawa. Amma duk wanda ya tashi a gidan da ake sana'ar hannu ya san akwai abubuwan da ba su yarda da rabon nan ba. Ina za a sa ƙaro, wanda ke tsattsafowa daga jikin itace yana danƙo, bayan 'yan kwanaki ya bushe yana ƙyalli kamar kwalba? Ina za a sa kwalta, wadda ke da tauri da asuba, da azahar kuwa ta kama takalmin mai tafiya? Ina kuma za a sa alewa? A cikin wannan ɗan rubutu ina so in ja hankalin mai karatu zuwa ga wannan wuri da ke tsakanin ruwa da dutse, domin na tarar abincin gidanmu ya rataya a kansa, haka kuma fuskar agogon da ke hannunmu da wasu magungunan da muke sha.

Ni mutumin Gummi ne, kuma a hannun kawuna na tashi, wanda sana'arsa ita ce alewa. Yakan zuba sukari da ruwa a tukunya, ya tace ruwan tsamiya ya ƙara, ya yi ta dafawa har kumfa ya kwanta. Ba shi da ma'aunin zafi. Abin da yakan yi shi ne ya ɗiga kaɗan a cikin ƙwaryar ruwan sanyi, ya ɗauko ya latsa. In ta lanƙwashe, da saura. In ta karye ƙas, to, ta yi. Sai ya juye a faranti mai maiƙo, ya bari ta ɗan sha iska, sa'an nan ya rataya ta a ƙusar da ke jikin ginshiƙi ya yi ta ja yana ninkawa har ta yi fari. Daga nan fa sai gaggawa, domin tsakanin lokacin da hannu zai iya taɓa ta da lokacin da za ta ƙi yankuwa 'yan mintoci ne ƙalilan. Aikina shi ne yanka. In na tsaya kallon wani abu sai in ji ya ce, "Kai yaro, mi kaka jira? Wagga aba ba ta jiran kowa."

Abokin gabar wannan sana'a kuwa damina ce. Alewar da za ta yi makonni da hunturu tana nan garau, cikin watan Agusta kwana biyu sun isa ta fara naso, ta manne da juna, daga baya bayanta ya dushe ya yi gari-gari, ta rasa ƙyallinta da ƙarar da take yi a baki. Wadda ta yi haka ba mai saye sai a kan rabin kuɗi. Shekarar da aka yi ruwa da yawa mukan gani a tukunyar tuwonmu.

Da na zo jami'a sai aka haɗa ni ɗaki da wani ɗan Bukkuyum mai karatun kimiyyar fiziks. Wata rana na dawo hutu da tsarabar alewa, ya ɗauki guda ya ɗaga ta saitin taga, ya ce, "Malam Bahaushe, ka san kuwa gilashi kawunka yake yi?" Na ɗauka ba'a ce irin tamu. Ashe da gaske yake, kuma hirar da muka fara ran nan ta ɗauke mu zangon karatu guda, har ta sa na riƙa aron littattafansa.

Ga yadda abin yake. Kowane abu an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira molekul. Ƙwayoyin nan ba sa zama shiru; zafi shi ne motsinsu. A cikin ruwa suna kai da kawowa kamar jama'a ranar kasuwa, kowa na gogar kowa, ba mai wurin kansa. In aka sanyaya ruwan a hankali, sai kowace ƙwaya ta sami zarafin neman gurbinta, su jeru reras kamar kunyoyin gona. Abin da ya daskare da irin wannan tsari shi ake kira kiristal, kamar gishiri da ƙanƙara da tsabar sukari. Amma in sanyi ya zo da sauri, ko aka sa wani abin da zai hana jeruwa, sai ƙwayoyin su maƙale a inda sanyi ya riske su, a hargitse. Abin ya yi tauri, amma cikinsa yana nan da fasalin ruwa. Wannan shi ne gilashi a wurin masana, ko da me aka yi shi.

Misalin da ya fi shiga kaina shi ne na farin dutsen nan da masu haƙar zinariya ke fasawa a Bagega da sauran ƙauyukan ƙasar Anka. Sinadarin da ke cikinsa shi ne na yashi, kuma shi ne ƙashin bayan kwalbar lemo. A cikin dutsen ƙwayoyin sun jeru, domin ya yi sanyi sannu a hankali a ƙarƙashin ƙasa. A cikin kwalba kuwa ba a ba su wannan lokaci ba. Masagan Bida, waɗanda suka shahara da yin ƙarau da duwatsun wuya, har wani Bature mai suna Nadel ya bayyana sana'arsu a littafinsa na 1942, sun daɗe da sanin wannan hali na narkakken gilashi: akwai ɗan lokacin da yake jawuwa a naɗe shi a ƙarfe, in ya wuce kuwa sai a mai da shi wuta. Aikinsu da na kawuna ɗaya ne, zafin ne ya bambanta. Gilashin taga yana sandarewa a wajen digiri 550 na ma'aunin Salshiyos, busasshen sukari kuwa tsakanin digiri 60 da 70. Wannan gaɓa, inda abu mai danƙo ke komawa sandararre ba tare da ya yi tsari ba, ita zan riƙa kira matakin sandarewa.

Har ila yau akwai wani jemagen, wanda shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. A shekarar 1888 wani masanin tsirrai mai suna Friedrich Reinitzer, a birnin Firag, yana ɗumama wani sinadari da ya samo daga kolestarol, sai ya ga abin mamaki. A digiri 145.5 ya narke ya zama ruwa mai gurɓi, sa'an nan a digiri 178.5 gurɓin ya washe tas. Watau abu ɗaya ya narke sau biyu. Ya aika wa wani Bajamushe mai suna Otto Lehmann, shi kuwa ya duba da madubin ƙara girma ya ga ruwan nan mai gurɓi yana kwarara, amma yana sarrafa haske kamar yadda kiristal ke yi. Daga nan aka sa masa sunan da ke nufin kiristal mai kwarara. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyinsa dogaye ne kamar tsinken ashana. Suna sauya wuri kamar na kowane ruwa, amma duk sun fuskanci gefe guda. Wanda ya taɓa ganin garken shanu ya nufi mashaya a bakin Gulbin Zamfara ya ga kwatancinsa: wannan saniya ta wuce waccan, waccan ta koma baya, amma duk ƙahoni na duban waje ɗaya. Saboda haka ni ina kiransa ruwa mai alƙibla.

A 1922 wani Bafaranshe, Georges Friedel, ya kasa irin waɗannan ruwaye. Akwai waɗanda fuskantar gefe guda kaɗai ce tsarinsu. Akwai kuma waɗanda bayan haka sukan jeru hawa-hawa, kowane hawa na zamewa a kan ɗan'uwansa. Sunan da ya ba kashin nan na biyu daga kalmar Girkanci mai nufin sabulu ya samo shi, domin jiƙaƙƙen sabulu ma yakan yi irin wannan tsari. Ke nan matan da ke dafa sabulun salo su ma suna da hannu a cikin zancen.

An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin abin al'ajabi kurum, sai a 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna allon farko da aka yi da shi. A 1972 George Gray da abokan aikinsa a Jami'ar Hull ta Ingila suka haɗa wani mai suna 5CB, wanda ke aiki a zafin ɗaki kuma ba ya saurin lalacewa. Yadda allon ke aiki ba wuya: ana shimfiɗa ruwan tsakanin gilasai biyu, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. In wutar batir ta taɓa wani gurbi sai ƙwayoyin wurin su juya, haske ya wuce ko ya tsaya, lamba ta bayyana. Agogon hannu mai lamba, da kalkuleta, da ƙananan wayoyi masu maɓalli, da allon famfon gidan mai, duk da wannan suke aiki.

Sai dai 5CB shi kaɗai ba zai yi rana a ƙasarmu ba, domin a digiri 35 yake rasa alƙiblarsa ya koma ruwa kamar kowane ruwa, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Don haka ake gauraya iri-iri, yadda cakuɗin zai jure zafi mai yawa, kuma in sanyi ya zo ba zai daskare ya zama kiristal ba, tun da ƙwayoyin da tsawonsu ya bambanta ba sa jeruwa da sauƙi. Da abokina ya zo nan sai na tuna da tsamiyar kawuna. Tsami yakan raba wani kaso na sukari gida biyu, ya zama sukarin da ke tukunya iri uku ne a cakuɗe, su hana juna jeruwa. Dabarar mai alewa da ta mai haɗa allon agogo guda ce. Duk da haka kowa ya ga agogon da aka manta a rana fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, in ya huce ta dawo. A ƙasashen ƙanƙara kuwa akasin haka suke gani: lambobi su riƙa sauyawa da nawa, domin ruwan ya yi kauri, ƙwayoyin sun kasa juyawa da sauri.

To, in aka ci gaba da sanyaya ruwa mai alƙibla, aka kuma hana shi zama kiristal, ina zai tsaya? A farkon shekarun 1970 wasu masana biyu na Jami'ar Osaka ta Japan, Sorai da Seki, suka nuna cewa shi ma yakan kai matakin sandarewa, ya zama gilashi, amma gilashin da ya riƙe alƙiblarsa. Shanun sun ƙame a inda suke, ƙahoni na duban mashaya. Shi 5CB sai an kai shi fiye da digiri 60 ƙasa da sifili yake yin haka. Abin da masana ke bi da ƙwaƙƙwafi shi ne yadda motsin ƙwayoyin ke raguwa yayin da ake kusantar wannan mataki.

Doguwar ƙwaya tana da motsi iri-iri. Tana iya murzawa a tsaye kamar maburgi tsakanin tafin hannu, wanda ba ya bukatar fili. Tana iya yin alkafura, kai ya koma ƙasa, wanda ke bukatar maƙwabta su matsa, kuma a cikin ruwa mai alƙibla ya fi wuya tun da sai ta bi ta inda kowa ba ya fuskanta. Tana kuma iya kaɗa jelarta kawai. Don a auna saurin kowanne, akan sa ɗigon ruwan tsakanin ƙarafa biyu, a riƙa jujjuya wutar lantarki gaba da baya, wani lokaci sau ɗaya a minti, wani lokaci sau miliyoyi a daƙiƙa, a ga inda ƙwayoyin za su kasa bin juyin. Abin da aka gano shi ne raguwar ba ta tafiya daidai wa daida. Da farko saukar digiri 10 ba ta sauya abu mai yawa. Kusa da matakin kuwa saukar digiri 3 ko 4 tana iya ninka lokacin juyawa sau goma. Masana sun yi ittifaƙi a kira abu gilashi idan ƙwayoyinsa na bukatar kimanin daƙiƙa 100 kafin su sake zama. A lokacin kaurinsa ya ninka na ruwan sha da adadin da ake rubutawa da 1 da sifili 15 a gabansa. Ko bayan manyan motsin sun tsaya, kaɗa jela yana nan yana gudana.

Dalilin wannan nawa ta gaggawa, duk wanda ya taɓa shiga bayan a-kori-kura ranar kasuwa zai gane shi. In fasinja kaɗan ne, kowa na iya gyara zama shi kaɗai. In mota ta cika maƙil, ba ka iya miƙe ƙafa sai na kusa da kai ya karkata, shi kuma sai na bayansa ya ɗaga gwiwa. Yawan matsi, yawan mutanen da sai sun yarda kafin mutum ɗaya ya motsa. Haka ƙwayoyi suke, har ma akan sami wani lungu yana ɗan motsi wani kuwa ya ƙame.

Abin lura a nan shi ne ba a ce motsi ya mutu ba, cewa aka yi ya fi ƙarfin haƙurinmu. A Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya, a 1927, wani malami mai suna Thomas Parnell ya zuba wata kwalta mai tauri, wadda guduma ke farfasawa, a cikin mazurari. Ɗigo na farko ya faɗo a 1938, na tara kuwa a 2014. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Kuma kwaltar nan ba ta ma kai matakin sandarewa ba. Gilashi ya fi ta kauri sau dubbai.

Akwai kuma masu bin sawun ƙwayoyin da kwamfuta. A 1964 wani masani haifaffen Haidarabad ta Indiya, Aneesur Rahman, yana aiki a Amurka, ya sa kwamfuta ta lissafa tafiyar ƙwayoyin zarra 864 na wani ruwa, taki bayan taki. Yanzu ana yin haka da miliyoyin ƙwayoyi, har da dogayen nan na ruwa mai alƙibla, a ga wace ta juya, wace ta maƙale. Matsalar ita ce kowane taki ɗan mitsitsin lokaci ne, sai an yi taki miliyan sau miliyan sau dubu kafin a cika daƙiƙa ɗaya, alhali daƙiƙa 100 ake nema. Saboda haka kwamfuta takan raka ƙwayoyin zuwa wani wuri ne ta tsaya, awon ɗakin gwaji ya ɗauka daga nan. A 1995 Philip Anderson, wanda ya ci kyautar Nobel a 1977, ya bayyana hakikanin gilashi da matakin sandarewa a matsayin babbar tambayar da ba a warware ba a wannan fanni, kuma har yau masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba.

Mai karatu na iya cewa, to, mu ina ruwanmu? Amsar tana cikin alewar damina. Ƙwayar ruwa ƙarama ce, in ta kutsa tsakanin ƙwayoyin sukari sai ta zame musu kamar man shafawa, matakin sandarewa ya sauko ƙasa da zafin ɗaki. Ƙwayoyin da suka ƙame sai su fara motsi, alewa ta yi danƙo. Da suka sami motsi kuwa sai su nemi gurbinsu su jeru, ta koma gari-gari. Gilashi abu ne da ke kan hanyar zama kiristal aka tare shi. Zafi da laima su ke buɗe masa hanya.

Wannan bai tsaya kan alewa ba. Akwai magungunan da in suna kiristal ba sa narkewa sosai a ciki, don haka masu haɗa su kan bar su da gangan a halin gilashi. Ɗaya daga cikinsu, itirakonazol, wanda ake bayarwa don cututtukan fata da farce dangin makero, shi kansa ruwa mai alƙibla ne in an narkar da shi an fara sanyayawa, kuma yana sandarewa a wajen digiri 59. Tazarar da ke tsakanin wannan da zafin shago mai rufin kwano a bazara ba ta da yawa, balle tiren magani da ke yawo a ka cikin rana tsaka a kasuwanninmu. Irin wannan magani in ya sha zafi da laima yana iya fara komawa kiristal, kamanninsa na nan, amfaninsa ya ragu. Wannan yana cikin dalilan da ke sa a rubuta a jikin kwali cewa a ajiye a busasshen wuri mai sanyi, gargaɗin da akasarinmu ba ma karantawa.

Da na je gida hutun da ya wuce na kwashe wannan bayani na faɗa wa kawuna, ina ɗokin in ga ya yi mamaki. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "To, ɗana, su ma sun gano ke nan." Shi dai tun kafin a haife ni ya san da damina kaɗan-kaɗan ake dafawa, a ƙara mata wuta, a kuma rufe ta a gwangwani tun da sauran ɗuminta. Abu ɗaya ne ya ɗauka sabo daga bakina, shi ne zancen magani. Washegari ya sa aka sauko da ledar magungunan gidan daga saman bango kusa da kwano, inda take rataye shekara da shekaru, aka sa ta a gwangwani mai murfi aka ajiye a ƙasa, a lungun ɗakin da rana ba ta bugu.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga gidajen sana'a, in an tafi hutu a zauna kusa da mai dafa sabulu, da mai ɗiban ƙaro, da mai mazarƙwaila, da maƙeri, a tambaye su yadda suke gane abu ya yi, da kalmar da suke kiran kowane mataki. A kuma leƙa inda ake ajiye magani a gida.